Ƙwayoyin Cuta Cikin Jini: Mi Ya Sa Magani Ke Ƙin Ci a Asibiti?

Wataƙila kun taɓa jin an ce: «An kai wane babban asibiti, an yi masa allurai masu tsada, amma masassara ta ƙi sauka.» Irin wannan labari ya yawaita a ƙasashen duniya, har da ƙasarmu Nijar. Sau da yawa dalilin shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga cikin jinin maras lafiya, kuma ƙwayoyin sun riga sun gagari maganin da aka saba kashe su da shi. Wannan shafi zai bayyana muku yadda abin ke faruwa, da inda aka kwana game da shi a duniya, da kuma abin da ke hannunku.

Mi ake nufi da ƙwayoyin cuta cikin jini?

Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ana kiran su bakteriya. Suna cikin ƙasa da ruwa, suna bisa fatarmu, suna cikin hanjinmu. Mafi yawansu ba su cutar da mu muddin suna zaune a wurinsu. Amma jinin mai lafiya ba mazauninsu ba ne. Idan suka sami ƙofa suka shiga jini, sai jini ya kai su ko'ina: huhu, ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa.

Daga nan jiki yakan tashi yaƙi da su. Wani lokaci yaƙin yakan wuce kima, har jiki ya riƙa ɓata gaɓoɓinsa da kansa. Ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina tace fitsari, numfashi ya yi wuya. Wannan hali shi likitoci ke kira sefsis. Yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu idan ba a gaggauta ba. Wani babban bincike ya nuna cewa a shekarar 2017 mutane kusan miliyan 49 suka shiga wannan hali a duniya, kuma miliyan 11 suka rasu. Wato cikin kowace rasuwa 5 da aka yi a wannan shekara, kusan 1 tana da alaƙa da shi.

Mi ya sa ɗakin kulawa ta musamman ya fi hatsari?

A manyan asibitoci, kamar na Yamai da Damagaram da Maradi, akwai ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya fi tsananta a kansu. Ma'aikata suna kiransa reyanimasiyo. Can ake kai wanda ya yi mugun hatsarin mota, da wanda aka yi wa babbar tiyata, da mai jegon da ta zubar da jini da yawa, da wanda wuta ta ƙona. Akwai kuma ɗakunan jarirai bakwaini, da cibiyoyin da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani.

Waɗannan ɗakuna suna ceton rayuka masu yawa. Amma abubuwa huɗu sun haɗu a cikinsu.

Na farko, jikin marasa lafiyar ya raunana, ba shi da ƙarfin kare kansa.

Na biyu, kayan aikin da ke taimakonsu suna buɗe ƙofa. Robar ƙarin ruwa tana huda fata ta shiga jijiya. Robar fitsari tana shiga mafitsara. Bututun na'urar numfashi yana sauka cikin maƙogwaro. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki, kuma kowace roba tsaga ce. Gwargwadon daɗewarta a jiki, gwargwadon ƙaruwar hatsarin.

Na uku, hannuwa da yawa suna taɓa mutum ɗaya: na likita, na mai allura, na mai shara, na ƴan'uwa masu jinya. Hannun da ba a wanke ba yana ɗaukar ƙwaya daga wannan gado ya kai wancan.

Na huɗu, a nan ne aka fi aiki da magunguna masu ƙarfi dare da rana. Ƙwayoyin da suka rage a irin wannan wuri su ne masu taurin kai.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki sukan kamu da wata cuta wadda ba da ita suka zo ba. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi adadin ya kai 15. Kuma cikin mutum 10 da suka kamu, 1 yakan rasu. Hukumar ta ƙara da cewa tsabtar hannu da sauran matakan kariya suna iya hana kashi 70 cikin 100 na waɗannan cututtuka.

Yaya ƙwayar cuta ke gagarar magani?

Maganin da ke kashe bakteriya shi ake kira antibiyotik. Wani masani ɗan Birtaniya, Alexander Fleming, shi ya gano na farko da ya shahara, wato penisilin, a birnin Landan cikin 1928. An fara aiki da shi sosai cikin shekarun 1940. Kafin haka ƙaramin rauni yana iya kai mutum kabari. Tun 1945 Fleming ya yi gargaɗi cewa shan maganin da bai kai kima ba zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi.

Manomi zai fahimci wannan da sauri. Idan ya fesa wa wake maganin ƙwari wanda aka tsinka da ruwa da yawa, raunanan ƙwari za su mutu, masu ƙarfi su tsira. Waɗanda suka tsira su ne za su hayayyafa. Baɗi gonar za ta cika da jikokinsu, kuma feshin bara ba zai taɓa su ba. Haka bakteriya take, sai dai ita haihuwarta ta fi sauri: wasu irinta suna iya rabuwa biyu cikin minti 20. Bugu da ƙari, ƙwaya ɗaya tana iya miƙa wa wata dabarar kare kai daga magani, ko da ba irinsu ɗaya ba.

Ku lura da kyau: ba jikin mutum ne ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce. Saboda haka wanda bai taɓa shan antibiyotik ba ma yana iya kamuwa da ƙwaya mai gagara, idan ta zo masa daga wani. Manya daga cikinku suna tune da nibakin. Shekaru da yawa shi ne maganin masassarar cizon sauro, daga baya ya daina ci, sai da aka sake magani. Hanyar ɗaya ce.

Haka kuma ƙwayar cuta ba ta san iyakar ƙasa ba. A 2008 an gano wata sabuwar dabarar gagara a jikin wani maras lafiya a ƙasar Suwidin, wanda ya taɓa kwanciya asibiti a Indiya. Cikin ƴan shekaru aka same ta a nahiyoyi da dama, har da Afirka.

Ina aka kwana a duniya?

A farkon 2022 mujallar likitoci mai suna The Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike a kan wannan batu. Ya nuna cewa a 2019 ƙwayoyi masu gagarar magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 kai tsaye, kuma suna da hannu cikin rasuwar mutane kusan miliyan 5. Wannan ya zarce waɗanda cutar sida ta kashe a wannan shekara, ya kuma zarce na masassarar cizon sauro. Yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane dubu 100.

A watan Oktoba na 2025 OMS ta fitar da wani rahoto. Ya ce a 2023, cikin cututtukan bakteriya 6 da aka tabbatar a ɗakin awo, 1 ba ya jin maganin da aka saba ba shi. A Afirka 1 cikin 5 ne. Rahoton ya ambaci ƙwayoyi biyu da suka fi shiga jini, E. koli da Kilebsiyela. A Afirka fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka auna ba su jin dangin allurar seftiriyazon, alhali ita ce allurar da asibitoci da yawa ke fara dogara da ita.

Idan wannan allura ta gaza, sai a koma ga wasu magunguna da ake kira karbapenem. Suna da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Su ma wasu ƙwayoyi sun fara gagararsu. Bayan su abin da ya rage kaɗan ne, kamar wani tsohon magani mai suna kolistin, wanda ke iya taɓa ƙoda. Sababbin magunguna kuwa ba su fitowa da sauri, domin ƙirƙirarsu tana cin shekaru da kuɗi masu yawa.

Shugabanni sun san da matsalar. A 2015 ƙasashen OMS sun amince da tsarin yaƙi da ita. A watan Satumba na 2024, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sun yi alƙawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Alƙawarin yana da kyau, amma ba a zauren taro ake cika shi ba. Ana cika shi ne a bakin famfon asibiti, da ɗakin awo, da kantin magani.

Mi aka gano a Nijar?

An yi bincike a Maradi tsakanin 2007 da 2008, a wata cibiyar kula da yara masu tamowa mai tsanani. An auna jinin yara 311 a lokacin da aka kwantar da su. An sami bakteriya cikin jinin kashi 17 cikin 100. Wato kusan yaro 1 cikin 6 ya iso da ƙwaya cikin jininsa tun daga gida.

Wani sashe na binciken, wanda aka buga a 2011, ya duba hanjin yara 55. Yara 17 sun zo da ƙwayoyi masu gagarar manyan magunguna. Daga cikin waɗanda ba su zo da su ba, an sake auna 16 a lokacin sallama, sai aka tarar 15 sun ɗauka. Zaman ƙwaya cikin hanji ba ciwo ba ne da kansa. Amma tana nan tana jira, kuma yaron zai koma da ita gida.

Wannan sakamako yana koya mana abu biyu. Ƙwayoyi masu gagara suna yawo cikin garuruwa da ƙauyuka, ba asibiti kaɗai ba. Sannan idan marasa lafiya suka yi yawa wuri ɗaya, ƙwayoyin suna yaɗuwa kamar wutar daji. Wannan ba dalili ba ne na gudun asibiti. Yaron da tamowa ta kayar, ko mai ƙwaya cikin jini, zaman gida ya fi masa hatsari nesa ba kusa ba.

Waɗanne abubuwa ke ƙara rura wutar?

*Shan magani ba bisa ƙa'ida ba.* A kasuwanni da tashoshin mota ana tallar kafso cikin tire, rana na dukansu. Mutum ya sayi ƙwaya biyu ko uku don mura, ko ciwon kai, ko gajiya. Mura ba bakteriya ke kawo ta ba, wata halitta ce dabam da ake kira birus, kuma antibiyotik ba ya taɓa ta. Abin da kafson ke yi kawai shi ne horar da ƙwayoyin da ke cikin hanji.

*Jabun magani.* A 2017 OMS ta ƙiyasta cewa cikin magunguna 10 da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 1 jabu ne ko kuwa bai cika inganci ba. Antibiyotik yana cikin waɗanda aka fi samu haka. Maganin da ƙarfinsa bai cika ba daidai yake da feshin da aka tsinka.

*Ƙarancin ɗakunan awo.* Domin a san sunan ƙwayar da ke cikin jini, sai an ɗibi jinin an zuba cikin kwalba ta musamman, an jira ƙwayar ta tsiro, sannan a gwada magunguna a kanta. Aikin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, ko fiye. Wani bincike da aka bayyana a 2022 ya duba ƙasashen Afirka 14, har da maƙwabtanmu Najeriya da Burkina Faso. Cikin ɗakunan awo kusan dubu 50, waɗanda ke irin wannan aiki ba su kai 2 cikin 100 ba. Inda babu awo, dole likita ya yi aiki da alamomi da ƙwarewarsa, ya zaɓi magani mai faɗin aiki. Wannan kuma yana ƙara wa ƙwayoyi wayo.

*Rashin ruwa da sabulu.* Rahoton OMS da UNICEF na 2022 ya nuna cewa rabin gidajen likita na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu.

*Dabbobi.* Ana ɗura wa kaji da tumaki da shanu irin magungunan da mutane ke sha, ba tare da shawarar likitan dabbobi ba. Ƙwayoyin da suka gagara cikin dabba suna iso mana ta nama, da nono, da taki, da ruwa.

Akwai kuma wani gefe da bai kamata a manta ba. A ƙasashenmu mutane da yawa suna rasuwa ne domin ba su sami antibiyotik ɗin da ya dace a kan lokaci ba. Saboda haka manufar ba hana magani ba ce. Manufar ita ce wanda ke bukata ya samu, wanda ba ya bukata ya bari.

Alamomin da ke bukatar gaggawa

Ku kai maras lafiya likita nan take, ko da tsakar dare ne, idan kuka ga:

- masassara mai zafi da rawar sanyi, ko kuwa jiki ya yi sanyi ƙalau;
- numfashi da sauri, zuciya na bugawa da sauri;
- ruɗewa, sambatu, ko barcin da ba a iya tada mutum;
- fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya;
- rauni ko wurin tiyata ya kumbura yana fitar da mugunya;
- mai jego da masassara, da ciwon mara, da ruwa mai wari;
- jariri ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko yana jijjiga, ko cibiyarsa ta yi ja.

A wannan hali kowace awa tana da daraja. Kada ku tsaya gwada maganin kasuwa.

Idan kuna jinyar wani a asibiti

1. Ku wanke hannu da ruwa da sabulu kafin ku taɓa maras lafiya da bayan kun taɓa shi, da bayan kewayawa, da kafin ba shi abinci. Wankin kirki yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60.
2. Kada ku taɓa robar ƙarin ruwa, ko ta fitsari, ko bandejin rauni. Idan wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya jiƙe, ku sanar da ma'aikaci.
3. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da maras lafiya, amma kada ta taɓa daɓe.
4. Ku rage ƴan dubiya. Gaisuwar maras lafiya zumunci ce mai lada, amma cika ɗaki yana cutar da shi. Idan ma'aikata suka hana shiga, ba wulaƙanci ba ne. Mai mura ko zawo ya aiko da gaisuwa daga gida.
5. Kada ku haɗa kwano, ko moɗa, ko zane da na gadon kusa.
6. Ku gaya wa likita duk maganin da aka sha a gida, na kanti da na gargajiya. Idan kwalin yana nan ku nuna masa. Ku kuma faɗa masa in an taɓa kwantar da maras lafiyar a wani asibiti kwanan baya.
7. Idan an rubuta awon jini don neman ƙwaya, kada ku ɗauke shi ɓarnar kuɗi. Sau da yawa ya fi sayen allurai iri-iri sauƙi.
8. Kuna da damar tambaya cikin ladabi: «Wannan roba har yanzu ana bukatarta?» ko «Mi awon ya nuna?»

A gida kuma

- Kada ku sha antibiyotik sai da takardar ma'aikacin lafiya, kuma ku saye shi a farmasin da hukuma ta yarda da shi.
- Ku sha shi yadda aka rubuta: adadin ƙwayoyi, da lokaci, da yawan kwanaki.
- Kada ku raba wa maƙwabci, kada ku ajiye saura don wani ciwo.
- Kada ku matsa wa likita sai ya yi muku allura. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi a kowane ciwo ba.
- Ku kai yara rigakafi, ku shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, mata su haihu a gidan likita, kuma kada a shafa toka ko kashin shanu a cibiya. Ciwon da ba a kamu da shi ba, ba ya bukatar magani.
- Ku nemi shawarar likitan dabbobi kafin ku ba dabba magani, ku kuma jira kwanakin da ya faɗa kafin ku sha nononta ko ku ci namanta.

Nauyin da ke kan hukumomi

Ba talaka kaɗai ke da aiki ba. Hukuma ce za ta tabbatar da ruwa da sabulu a kowane gidan likita, ta ƙara ɗakunan awo a jihohi, ta tsare iyakoki daga jabun magani, ta kuma horar da ma'aikata isassu. Ku ma kuna da murya. A kwamitin kula da gidan likitarku, ko a taron gari, ku tambaya: akwai ruwa a ɗakin haihuwa? Akwai sabulu a bakin kowane ɗaki? Ana tunawa da tsabtar hannu ranar 5 ga Mayu, da sefsis ranar 13 ga Satumba, da gagarar magani daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara. Lokuta ne masu kyau na tada wannan magana.

Antibiyotik kamar rijiyar gari yake. Kowa na sha, kuma wanda ya ɓata ta ya ɓata wa kowa. Kafson da aka sha yau ba bisa ƙa'ida ba yana iya rage ƙarfin allurar da za a nema gobe don ceton ɗanku ko matarku. Rigakafi ya fi magani, balle yanzu da maganin kansa ke neman kariya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ta waɗanne ƙofofi ƙwayoyin cuta ke shiga jinin wanda aka kwantar a asibiti?
2. Wane ne ke sabawa da magani: mutum ko ƙwayar cuta?
3. A garinku, ina mutane suka fi sayen magani, kuma mi ya sa?
4. Ku faɗi alamomi 3 da za su sa ku kai jariri likita nan take.
5. Wane abu ɗaya ajinku zai iya yi wa gidan likitar garinku cikin wannan wata?